Bututun Gidan Wankan Kikue

Sakuji ya shekara hamsin yana kama kifin teku da ake kira tai da fatsa. Ba ya taɓa raga. Da kifin da ake kiwo a keji ya cika kasuwa, har ana shigo da wani daga ƙetare, masuntan garinmu da yawa suka koma kiwo. Shi kuwa ya ce baƙin kifin da ake ba abinci a baki ba tai ba ne, kaza ce. Nasa ja ne jawur, masu biki kuma shi suke nema.

Yana da wani gurbi a teku da ba wanda ya sani. Ashe da ido yake gane shi: in bututun hayaƙin gidan wankan Kikue ya saitu da wata bishiya a kan dutse, to an iso.

Sai bara Kikue ta ce za ta rufe gidan, a rushe bututun ranar Litinin. Sakuji ya je ya same ta.

"Haba Yaya Kikue, ki bar bututun mana."

"Ya tsage. In ya faɗo a kan mutane kai za a kama? Shekara nawa ma rabonka da wanka a nan?"

"Ina kallonsa kullum."

"To kalle shi da kyau, saura kwana uku."

Ranar Asabar ya zo wurina, ni da muka yi firamare tare. Dama 'yata ta sa mini na'urar nan ta GPS mai riƙe wuri a jirgina na kamun kifi, wadda ya daɗe yana kira sandar makafi. Ya zauna, ya sha shayi kofi biyu, ya zagi injina, sannan ya ce, "Rokuro, abin nan naka ba ya mantuwa?"

"Ba ya yi."

"Yana da surutu?"

"Ni kaɗai yake gaya wa."

Ya yi tsaki. Washegari da safe muka fita a jirgina. Ya kanne ido ɗaya yana duban gari, yana ce mini dama kaɗan, baya kaɗan, har ya ɗaga hannu.

"Danna. Amma rufe idonka."

Na rufe, na danna.

Sai a hanyar dawowa ya tuna na'urar a jirgina take ɗaure, ba ta ciruwa. Tun daga nan nasa jirgin yana kan tudu. Kullum tare muke fita, shi a gaba, ni a baya. Kifin farko da ya kamu nasa ne, na biyu nawa, kuma har yau bai yarda in saka fatsa kafin shi ba.