Isyaku Jamus a Hamburg

Tun kafin ya mallaki fasfo ake kiransa Isyaku Jamus. A Ƙofar Nassarawa aka haife shi, gidan maƙera, amma bai gaji uwar maƙera ba. Yana saurayi ya koma kasuwar Ƙofar Ruwa wajen masu kwance motoci, kuma a can ne wata rana aka ba shi injin wata tsohuwar Marsandi ya warware. Ya ce da ya buɗe ta ya ga ƙarfen ciki yana ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi, sai da ya cire hula ya riƙe a hannu. Daga ranar bai ƙara yarda da wani ƙarfe ba sai na Jamus.

Da ya buɗe nasa shagon, kayan gyaran mota na gwanjo yake sayarwa, kuma duk wanda ya shigo sai ya sha karatu kafin a yi ciniki. A Jamus, in ji shi, jirgin ƙasa ba ya latti, ƙarfe ba ya tsatsa, kuma ko mai gadi da motarsa yake zuwa aiki. Idan matarsa Hajiya 'Yardada ta yi tuwo ya yi daɗi, ba ya cewa ya yi daɗi, sai ya ce, "Hajiya, yau tuwon nan na Jamus ne." Maƙwabcin shagonsa, Ɗalha, sababbin kaya 'yan Chana yake sayarwa. Suna sallah sahu ɗaya, suna cin abinci kwano ɗaya, amma Isyaku bai taɓa yarda ya ari ko sifana daga shagon Ɗalha ba.

Babban ɗansa Abdussalam ya yi karatun injiniya, ya samu aiki a birnin Hamburg, ya ɗauki matarsa suka tafi. Da ta haihu, ya aiko wa mahaifinsa ya zo ya ga jika. Biza ta ɗan wahalar da su, amma ta fito. Ranar tafiya, rabin layin 'yan kwance ne suka raka shi filin jirgi. Hajiya 'Yardada ta cika masa jaka da kuka da daddawa da yaji, ta ɗora ƙullin kilishi a sama don mai jego.

Wanda ya fara tarbarsa a Jamus kare ne. Yana tsaye yana jiran jaka a filin jirgin Frankfurt, sai ga wani kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gaban jakarsa ya ƙi tashi. Wata ma'aikaciya ta yi masa murmushi, ta buɗe jakar, ta ɗaga kilishin da yatsu biyu, ta jefa a wani kwando, ta kuma yi masa godiya. Isyaku ya fito ya tarar da Abdussalam, ko gaisuwa ba su gama ba ya ce, "Ka ga ƙasa? Ko karensu ma'aikaci ne. Amma wallahi shi zai cinye kilishin nan, na ga idonsa."

Daga nan jirgin ƙasa za su hau zuwa Hamburg. Isyaku ya gyara tsayuwa a bakin layi, ya ɗaga agogonsa yana jira ya ga abin da ya shekara yana ba da labari. Lokaci ya yi, ba jirgi. Ya kara agogon a kunne, ya girgiza shi.

"Agogon nan ya fara gaba," ya ce. "Ɗan Chana ne, kyauta aka ba ni."

"Agogonka daidai yake, Baba," in ji Abdussalam. "Jirgin ne ya makara."

"Kai dai duba da kyau."

Can sai lasifika ta yi magana, mutane suka ja tsaki gaba ɗaya. Abdussalam ya ce an soke jirgin, sai na gaba. Wani dattijo mai jan fuska da ke kusa da su ya shiga faɗa shi kaɗai yana nuna sama da lema. Isyaku ya tambayi me yake cewa.

"Cewa yake kullum haka suke yi masa."

Isyaku ya ƙare wa dattijon kallo daga hula zuwa takalmi. "Wannan ba asalin Bajamushe ba ne," ya ce. "Baƙo ne irinmu."

Hamburg ta karɓe shi da yayyafi da iska mai shiga ƙashi. Gari ne babba, ga ruwa ta ko'ina, ga gadoji, ga jiragen ruwa masu girman unguwa guda. Wannan ya burge shi, ya sa Abdussalam ya yi ta ɗaukarsa hoto. Abin da ya dame shi shirun ne. A bas ya yi sallama da ƙarfi, ba wanda ya ɗago. Ya gaida wata tsohuwa da ke zaune a benen ƙasa da nasu, ta amsa da kai. Washegari ta ƙwanƙwasa musu ƙofa, Isyaku ya yi murna an zo yi masa sannu da zuwa. Ashe ledar sharar da ya zubar ta ɗauko. Ta kai shi bayan gida inda manyan bokitan shara suke jere, kowane da launinsa, ta koya masa da hannu inda takarda ke shiga, inda roba ke shiga, inda ɓawon ayaba ke shiga. Ya dawo yana cewa shi a duniya bai taɓa ganin inda ake yi wa bola tsari kamar shagon magani ba.

Ranar Asabar Abdussalam ya ce shugaban sashensu a wurin aiki zai zo ganin jariri. Isyaku ya sa babbar riga, ya tsaya a taga yana jiran ya ga irin motar da mai gidan injiniyoyi ke hawa. Sai ga wani siririn Bature a kan keke, da hular kwano, ya ɗaure ƙafar wando da roba, ruwa ya jiƙa shi, riƙe da ɗan kwali. Isyaku ya riga kowa buɗe ƙofa, ya karɓe kwalin, ya yi masa alamar ya jira. Ya shiga kicin ya zubo shinkafa a roba ya miƙa masa, ya ce da Hausa, "Allah ya rufa asiri, a je a ci." Yana shirin rufe ƙofa Abdussalam ya fito da gudu.

"Baba, shi ne fa oga!"

Baturen ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shigo, ya kuma cinye shinkafar. Isyaku bai yi dariya ba. Bayan baƙon ya tafi ya ja ɗansa gefe ya ce, "Abdussalam, ka gaya mini gaskiya. Kamfanin nan naku yana biyan albashi kuwa?"

Abu ɗaya ya rage masa, ya sayi sifanu na asali ya kai gida. Aka kai shi wani katafaren kanti. Ya zaɓi saiti mai kyau, ya auna nauyinsa a hannu, ya gyaɗa kai, sannan ya juya bayan kwalin. Ba ya karanta Jamusanci, amma sunan Chana ko a mafarki ya gani zai gane shi. Ya ajiye ya ɗauki wani. Haka. Ya ɗauki na uku. Shi ma haka. Ya fita daga kantin hannu wofi.

Don ya faranta masa rai, Abdussalam ya kai shi wani fili a bayan gari inda ake tara tsofaffin motoci kafin a loda su zuwa Afirka. Nan Isyaku ya ga mafarin kayan shagonsa. Motoci ne an ɗora wata kan wata, ciyawa ta fito a tsakaninsu. Ya tsaya gaban wata Marsandi shuɗiya, ya shafa ta, ya sa aka tambayi mai filin abin da ya same ta. Mutumin ya ce ba wani abu ba ne babba, kawai gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, mai ita ya gaji ya yar. Isyaku ya leƙa ƙarƙashinta. Tsatsa ce ja wur. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe idonsa ya kawo ruwa, ya ce iskar garin ce.

Da ya dawo Kano, majalisa ta cika a ƙofar shagonsa. Isyaku mutum ne mai gaskiya a ranar, ya faɗi duk abin da ya gani: jirgin da aka soke, ogan da ke hawa keke, sifanun Chana, tsatsar Marsandi. Ɗalha ne ya fara magana.

"Alhaji, anya Jamus aka sauke ka? Jiragen nan fa suna yada zango a hanya."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce ai kowa ya san a Jamus jirgi ba ya latti. Da aka tambaye shi inda ya ji, ya ce a bakin Alhaji Isyaku. Waɗanda kuma suka yarda da labarin sai suka fara wuce shagonsa suna shiga na Ɗalha, tunda Jamusawan ma abin da suke saya ke nan.

Hajiya 'Yardada ce ta gaji da ganinsa yana juya cokali a abinci. Ta ce, "Alhaji, wa ya aike ka ba da labari? Mutane jika suka tambaye ka."

Bai koma ƙarya kai tsaye ba, gyara labarin ya yi. Jirgin ya makara ne saboda ana duba lafiyar kowace ƙusa kafin ya tashi. Ogan yana hawa keke ne don motocinsa sun yi yawa ya rasa wadda zai zaɓa. Sannan a hankali ya fara saro sababbin kaya daga dilan da Ɗalha ke saro nasa, ya jera su a gaban shago. Duk wanda ya ɗaga ya ce ai wannan ɗan Chana ne, sai Isyaku ya ce, "Ƙwarai. Irin wanda Jamusawa da kansu ke amfani da shi. Da idona na gani." Kuma ya fi Ɗalha tsada, kuma ana saya.

Da aka sake haihuwa a gidan Abdussalam, Isyaku ya ce gwiwarsa ba ta son sanyi, Hajiya ta je. Ta je ta yi wata guda ta dawo da ƙiba. Matan unguwa suka taru suna tambayarta yadda Jamus take. Ta ce ita dai ta ga ruwan zafi yana fitowa daga famfo, kuma tsohuwar benen ƙasa ta iya cin dambu.