Tabarmar da Inna Ta Juya Yamma

Wata bakwai na yi ina salla a kan kujerar roba. Babur ne ya cinye mini baya, kullum daga Kankia zuwa Kusada inda nake koyarwa. A masallaci aka ba ni gefen sahu, kusa da wasu tsofaffi biyu da suka girmi mahaifina. Abin ya ci mini rai. Ni dai goshina nake so ya taɓa ƙasa.

Mai gashin ƙashi a asibiti ya ba ni takarda mai hotuna goma sha biyu. Ya ce motsa jiki ne na Indiyawa, yoga, wai gaisuwar rana. Ka ɗaga hannu, ka sunkuya, ka dafa ƙasa, ka miƙa ƙafa baya, ka banƙare, ka dawo tsaye, numfashi na bin kowane motsi. Ya ce yana sassauta jijiyoyin baya da na cinya. Na karɓi takardar, sunan kuwa na bar masa can.

To ni in na shimfiɗa tabarma, gabas take kallo, ban taɓa sanin wata fuskar ba. Ga shi ina yi daidai fitowar rana, lokacin da ko nafila ba a yi. Katangarmu gajera ce, mai kawo mana nono kuma doguwa. Kwana uku sai ga Inna, mahaifiyata, daga Kafin Soli.

Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Kai, an ce Allah kana gaishe shi a zaune, rana kuwa har da ruku'u."

Na ce, "Inna, magani ne."

"Yi in gani."

Na yi, ta kalla har ƙarshe. Ta ce, "Ba Fatiha?" Na ce babu. Ta tashi ta ja tabarmar da ƙafa, ta juya ta yamma, ta ce kuma in riƙa bari rana ta ɗaga.

Ba ta koma gida ba. Sati shida tana bakin ƙofa da carbinta, tana gadin kada in karkace.

Wata la'asar na ture kujerar na ta da salla a tsakar gida. Da goshina ya sauka na daɗe ban ɗago ba, don kuka nake. Ina sallamewa na tarar Inna ta ɗaure kayanta.

Ta ce, "Ka gama da kujerar nan?"

Na ce na gama. Ta sa aka ɗaura mata ita a bayan mota.