Ranar da Kaka ta saurari teku

Akwai wani wari da ke tashi a bakin ruwan Wakrah, kusa da Doha, idan teku ya janye, warin taɓo da ɗanyen kifi. Masu yawon buɗe ido sukan toshe hanci su wuce cikin kasuwa. Ni kuwa tsayawa nake yi, don irin warin da fadamar garinmu take yi ke nan idan kogi ya fara komawa mazauninsa.

A ɗakin kakata na tashi, mahaifiyar babana. Gidanmu na ƙarshen gari, daga bayan danga sai ruwa. Da damina kogi yakan haura har gindin tsamiyarmu, mu kwana muna jin kwaɗi. Da kaka ya ja baya a hankali ya bar baƙar ƙasa mai laushi, sai kowa ya fito da irin albasa da dankali, ana rige-rigen shuka kafin ta bushe. Kaka ce ke fara ganin alamar. Takan tsoma ƙafa ta ce, "Ya fara sallama."

"Maigida" take kirana, irin wasan kaka da jika. Ainihin maigidan nata ban taɓa ganinsa ba. Tun babana yana goye ya tafi Hajji ta ƙasa, bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ya ce ganinsa na ƙarshe yana shiga jirgin ruwa a bakin Bahar Maliya. Iyakar labarin ke nan.

Ba ta taɓa kuka a gabanmu ba. Amma da rana tsaka, idan gida ya yi tsit, nakan same ta ta kara kunne a bakin randa. Takan ce haka teku yake ruri. Na kara nawa, na ji wani gunji mai nisa kamar hadari a bayan gari. A ranta, cikin irin wannan rurin ya tafi, cikin tsoro, ba ko damar kalmar shahada. Abin da ya tsaya mata ke nan, ba rashinsa kaɗai ba.

Da na girma na samu aikin gadi a Doha. Ran da na fara kiranta, kafin ta tambayi lafiyata ta ce, "Maigida, ka ga Bahar Maliya?" Na ce wannan wani teku ne daban. Ta ce ai duk ruwan Allah a haɗe yake, in kai mata waya bakinsa ta ji da kunnenta.

Lokacin jikinta ya yi nauyi, ƙanwata ce ke jinyarta. Ranar Juma'a da nake hutu, abokin aikina, mutumin Zangon Ghana, ya raka ni Wakrah. Muka isa da hantsi, sai na tarar babu ruwa. Jiragen katako na masunta sun kwanta a kan taɓo, teku ya koma can nesa kamar zare. Ni a sanina ruwa idan ya janye sai wata daminar.

Na kira na ce, "Kaka, na makara. Rani ya kama shi."

Ta yi 'yar dariya mai haɗe da tari. "To me kuke jira? Ku shuka albasa mana."

Abokina ya yi ta dariya har da riƙe ciki. "Kai mutumin kogi! Zauna mana. Kafin la'asar yana nan."

Muka yi sallar Juma'a, muka dawo inuwar wani jirgi. Ina kallo ruwan ya fara dawowa. Ba gudu, ba kumfa. Yana rarrafowa ta cikin ƙananan ramuka, ya zagaye duwatsu, ya ɗaga jiragen ɗaya bayan ɗaya kamar uwa na ɗaukar yaro mai barci. Na shiga har gwiwa, na sake kira. Ƙanwata ta kara mata wayar, ni kuma na sunkuyar da tawa dab da ruwan. Na daɗe a haka.

"Ban ji komai ba," in ji ta.

"Haka yake, Kaka. Ina cikinsa yanzu."

"Ba ya ruri?"

"Ba ya yi."

Can ta ce, "Ashe a natse ya tafi. Alhamdulillahi." Ƙanwata ta ce ranar Kaka ta sha kunu da yawa, ta yi barci mai daɗi. Kafin damina ta sauka a gida Allah ya karɓi abarsa. Ina bakin aiki aka kira ni.

Na san akwai ranakun da iska ke tashi teku ya yi fushi, na gani daga baya. Amma abin da ta ji ran nan gaskiya ne, ban ƙara masa komai ba.

Yanzu alhazan garinmu ta sama suke ƙetare Bahar Maliya, wasu ma suna barci. Sukan dawo da dabino da labarin otal. Ba wanda ke tambayarsu yadda ruwan yake. Mai tambayar guda ce, kuma ta samu amsarta kafin ta tafi. Allah ya haɗa ta da maigidanta a inda babu jira.