Bayan da Bai Taɓa Ƙasa Ba

A gidanmu na Gwandu, da an gama girbi an jibge karan dawa a bayan rumbu, wutar tsakar gida ta koma hannun kakarmu, Inna Kulu. Bayan an ci tuwo takan jawo 'yar kujerarta, ta tura kara cikin wuta, ta binne gyaɗa a toka, mu kuwa jikoki mu yi ta ture juna a kan wanda zai jingina da ƙafarta. Yawanci ni ke ci, don na fi kowa rashin kunya.

"Kai wanga miji nau, ka cika nauyi," takan ce, tana dungure mini kai. "Ko sisin cefane ba ka ba ni ba, ka zo ka danne min ƙahwa. To, ga wata nan tahe, wa ka tarbon ta?"

Mu haɗa baki mu ce mu ne, tatsuniya ta shigo.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ita ce ta Dogo na Malisa, wani ɗan kokawa da ya tsani faɗuwa fiye da mutuwa. Wai ya tafi fadama wurin wata tsohuwar aljana, ya roƙe ta kada bayansa ya ƙara taɓa ƙasa. Nan Inna takan shaƙe murya ta zama aljanar: "Na ba ka. Amma ranar da kag gaji, ɗan cikinka kaɗai ka iya kwantar da kai." Dogo ya yi dariya, ya ce ai shi ba ya gajiya.

Ya kayar da gwanin Dalijan, ya kayar da na Kalgo, har makaɗa suka rasa sabon kirarin da za su yi masa. Sai dai tun daga ranar bai sake kwanciya ba. Ko tabarma ya nufa, sai jikinsa ya miƙe da kansa. A tsaye yake barci, jingine da rumbu. Da ƙuruciya abin bai dame shi ba, amma da tsufa ya zo, ƙafafu suka kumbura, sai ya kira ɗansa ya ce, "Zo ka kada ni in huta." Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah shi tsare ni da kai bayanka ƙasa." Ya lallashe shi, ya zage shi, ya yi masa kuka, yaron dai yana durƙushe. Da roƙon ya ishe shi, ya ɗaure kayansa ya tafi ci-rani, bai dawo ba. Dogo ya fita bakin hanya yana jiransa, har ya bushe ya zama giginyar nan da ke tsaye ita kaɗai.

"Ta ƙare," in ji Inna, tana tono gyaɗar daga toka, "kowa shi ɗauki gujiyarshi."

Na taɓa tambayarta me ya hana yaron kayar da shi kawai. Ta dube ni ta ce, "Kai kana iya kada ubanka?" Na ce a'a. Ta ce, "To, yi min shiru." Na ɗauka labarin gargaɗi ne ga masu girman kai, kuma a haka na riƙe shi har na yi furfura.

A makarantar kwana na haɗu da judo, kokawar mutanen Japan. Abin da ya ba ni mamaki, darasin farko a cikinta faɗuwa ce: yadda za ka saki jiki, ka naɗe haɓa, ka doki katifa da hannu, ka tashi lafiya. Na so ta ƙwarai. Daga baya aiki ya kai ni kudu, na yi shekara da shekaru sai Sallah nake leƙo gida. Da aka dawo da ni Kalgo, na tarar babban ɗana Anas ya yi tsawona. Da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, da yamma ma haka. Yaro mai ladabi, kowa na yabonsa, ni kuwa ban san ko muryar dariyarsa ba.

Wata rana na ga fararen kayan judo a kan igiyar shanya. Murna ta kama ni. Uwarsa ta ce ai ya daɗe yana zuwa wurin wani tsohon soja, Malam Garba, mai koyar da yara a zauren wata makaranta. Na ce a raina, ga ƙofar da zan bi in kai ga ɗana. Na sayi nawa kayan, na saya wa ƙanwarsa Hauwa'u, wadda a lokacin haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba, muka bi shi ranar Asabar.

Tumbina ya fito, gwiwata tana ƙara, yara suna ƙunshe dariya. Duk ban damu ba. Abin da ya dame ni Anas ne. Malam Garba ya ce babu wanda ya kai shi a zauren, amma muddin ina ciki sai ya zama kamar an dasa shi. Ranar da aka haɗa mu, ya kama wuyan rigata da yatsa biyu, idonsa a ƙasa.

Na ce, "Kama da kyau."

Ya ce, "Baba, ba ni iyawa."

Na ce, "Ni na sa ka. Kada ni."

Ya ja numfashi, ya juya ƙugu, sai na ga rufin kwano yana wucewa ta gabana. Bayana ya sauka a katifa, na doke ta da hannu kamar yadda aka koya mini tun ina yaro. Anas bai saki hannun rigata ba, ya riƙe ni gam don kada kaina ya bugu. Ina kwance ina dariya, na ɗaga ido na ga shi ma yana yi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan faɗuwar ba.

Ashe wani ya ɗauka a waya. Kafin mako ya zagayo hoton ya isa Gwandu. Da muka je sunan ɗan ƙanwata, yayana Bello ya kira Anas a zaure cike da dattawa.

"Kai ne kak kai bayan ubanka ƙasa, kana dariya, duniya na kallo?"

Na ce, "Yaya, wasa ne, ni na umarce shi. Haka ake koyonta."

"Kai ka daɗe kudu, ba da kai nike ba," in ji shi. "Shi da anka haihwa nan ya san abin da ba a yi. Ɗan da yak kada ubanai, ina shi ka ganin albarka?"

Dattawa suka girgiza kai. Anas yana durƙushe, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Da muka koma Kalgo ya wanke kayan judonsa, ya goge, ya kai wa wani yaron zauren kyauta. Malam Garba ya zo gida da kansa, ya ce niyyarsa ya kai Anas gasar jiha. Ni ma na zaunar da shi, na ce na yafe, ba ma abin yafewa, na sa masa albarka, zan bar zauren gaba ɗaya in dai zai koma. Ya ce, "To, Baba." Bai koma ba. Yanzu daga bayan labule yake gaishe ni. Na shiga wurin da ɗana yake farin ciki don in same shi, sai na raba shi da wurin, ban kuma same shi ba. Wannan baƙin cikin ba ya sakina.

Sai yanzu nake tuna abin da nake gani ina yaro ban kula ba. Iyayenmu maza sukan zo gaishe da Inna, su tsuguna can nesa da wuta, su tashi. Ita ma ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari. Mu jikoki kaɗai ke taɓa jikinta, mu ma da mun tasa sai mu ja baya. Ina jin ba girman kan Dogo take ba mu labari ba. Gajiyarsa take faɗa mana, mu muna ta cin gyaɗa.

Na ci gaba da zuwa saboda Hauwa'u. Ita kam takan cakumi rigata ta sa mini ƙafa, in zube, ta hau cikina tana ihu wai ta kayar da Baba. Nakan faɗi mata sau da yawa yadda gwiwata za ta iya ɗauka. Asabar ɗin da ta wuce Malam Garba ya haɗa mu kamar kullum. Ta kama wuyan rigata, ta ɗago ta dube ni, sai ta sunkuyar da kai, yatsunta suka saki.

"Baba, yau ƙahwata ka ciwo," ta ce, ta koma gefe ta zauna, lafiyarta lau.

Yara suna ta faɗuwa suna tashi ta ko'ina, katifa tana ta amsawa. Ni kuwa na tsaya a tsakiyarsu, a tsaye.