Kawu Bitrus da Tambayarsa

Duk wanda ya zauna a unguwar Television ya san Kawu Bitrus ba ya karɓar labari haka nan. Ko ce masa ka yi ana ruwa a Kudenda, sai ya sauke tabarau ya ce, "Wa ya gani?" Yayan mamata ne, a hannunsa na girma, don haka na sha tambayar nan har ta ishe ni.

Bayan masaƙar da yake aiki ta sallame su, aka buɗe ajin koyon waya na manya a cocinmu. Shi ya fara zuwa. Yatsunsa duk kanta, ya taɓa nan wayar ta buɗe can, amma bai taɓa fashi ba. Na ce, "Kawu, da girmanka?"

Ya ce, "Ƙarya ta iya waya, ni sai in zauna?"

Tun daga nan guruf ɗin danginmu na waya bai sake hutawa ba. Ƙanwarsa, Inna Rifkatu, ta turo wai ruwan albasa na warkar da hawan jini. Nan take ya kira ta: "Wane likita? Ina sunansa?" Ta ce ita ma turo mata aka yi. Ya ce, "To mayar wa mai shi." Ta daɗe ba ta gaishe shi ba.

Wata rana hoto ya bazu, wai Malam Sani mai tsire na bakin titinmu yana sa guba, ga mutane kwance a asibiti. Samari suka fara taruwa da sanduna, ni kaina na tsorata. Kawu ya bincika hoton yadda aka koya musu, ashe tsoho ne, daga wata ƙasa. Ya nuna musu, ba wanda ya saurara. Sai ya ja benci gaban tukuba, ya sayi tsire, ya zauna yana fama da shi, mutumin da haƙoransa sun kusa ƙarewa.

"Ku tsaya ku ga mutuwata," in ji shi, "ku samu abin turawa."

Suka jira har suka gaji, dariya ta ƙwace wa wani, taro ya watse. Wasu ma sai da suka saya.

Can daga baya, ranar da Kawu ya rasu, na sa sanarwa a guruf. Ba wanda ya tura gaba. Da ƙafa aka riƙa zuwa gida, Malam Sani a kan gaba. Inna Rifkatu ta kira ni, ta ce, "Wa ya gani?"

Na ce, "Ni, Inna. Ni na gani."

Allah ya ba ka hutawa, Kawu. Mu kuma ya ba mu ko rabin taurin kanka.