Faustina da Diskin da Ya Ce Bizi

Faustina 'yar Nok ce, 'yar manomin citta. Ita ke kula da kwamfutocin ɗan gidan rediyonmu a Kafanchan, ni kuma Rabi'a, shirin mata nake gabatarwa. Ba ta da surutu, amma taɓa mata waya ka ga tsiya. Mahaifiyarta, marigayiya Mama Hulda, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan coci, kuma wuri ɗaya tak muryarta ta rage a duniya: tsohon diskin sabarmu, babbar kwamfutar da ke ajiye duk shirye-shiryenmu.

Ran nan tsohon diskin ya fara ƙara, ƙat-ƙat-ƙat. Faustina ta ce mutuwa zai yi. Ta sa sabo don ta kwashe komai, sai saba ta ƙi, wai sabon diskin bizi yake, wato wani abu na amfani da shi.

"Bizi da me?" na ce. "Abin da yanzu aka ɓare daga kwali!"

Manajanmu Zubair ya leƙo. "Kashe ki kunna mana, ƙanwata."

"Yallaɓai, in na kashe, tsohon ba zai sake tashi ba."

Na matso na tsaya a bayan Faustina. Ita kuwa ta ja kujera tana bin manhajojin ɗaya bayan ɗaya, tana neman mai riƙe da sabon diskin. Ba kowa. Can sai ta yi tsaki.

"Anti Rabi'a, kin san yadda ake ajiye jaka a kujerar mota a tasha? Ba mutum, amma an kama wurin."

Ashe akwai wata manhaja mai lura da hanyoyin da saba ke bi zuwa manyan ma'ajiyan bayanai. Mu ba mu da irinsu, amma sarkin shisshigi, da ganin sabon diski ta cafke abinta. Faustina ta sa ta saki, ta kafa mata doka kada ta ƙara taɓa shi. Nan take diski ya buɗe.

Waƙoƙin zumunta ta fara kwashewa, sannan sauran. Kafin la'asar tsohon ya yi shiru har abada.

Na rangaɗa guɗa har Zubair ya toshe kunne. Faustina ta danna waƙa ɗaya. Muryar Mama Hulda ta cika ɗakin da yaren Jaba, ita kuma tana amshi tana share hawaye.