Karan Awo

A Tsaskiya na tashi, a gidan da ba a kwanciya sai an ji bakin Kaka Delu. In an gama tuwo takan ja kujerarta kusa da murhu, ta tura kara a wuta, mu jikoki mu kewaye ta, hannuwanmu na ƙanshin daddawa. Ba mai yawan dariya ba ce, ni ma ita na gado. Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini. Guda ce ta zauna mini a ƙashi, ta karan awo.

Kun san in mutum ya rasu, kara ake yankewa daidai tsawonsa a kai wa masu haƙa, in an rufe a bar shi can. To Kaka ta ce an yi wani mai gaggawa, wansa na kwance ba lafiya. Ya leƙa ya gan shi a ƙudundune, ko motsi babu, sai ya yanki kara ya auna shi a haka, ƙafa a naɗe. Bai kai maƙabarta ba aka biyo shi, wai wan ya yi atishawa yana neman kunu. Kunya ta kama shi, ya cilla karan bayan danga.

"To an yanke kara, ba mai shi," in ji Kaka, tana rage murya. "Sai ya tashi nema. Ɗaki ɗaki yake bi, ƙwas, ƙwas, ya kwanta gefen mai barci ya gwada. Kuma tunda a naɗe aka auna babban, tsawon yaro ya fito. In bai yi daidai ba ya wuce. In ya yi daidai..." Sai ta karya na hannunta, ɓas.

Na ce, "Kaka, mu miƙe ko mu naɗe?"

"Ke mai idon mujiya, kwanta yadda Allah ya yi ki."

Daga nan ba ta ƙara ba. Na yi shekaru ina barci ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a naɗe.

Na girma, na yi aure, na binne miji. Ya bar mana tsohon babur, irin wanda aka daina kawowa, ɗana Salisu ke hawa. Shekarun nan da mutanen daji masu bindiga suka hana mu sakewa, mota ba ta cika shigowa ba, babur ɗin nan shi ne asibitinmu, shi ne hanyar gudunmu. A daminar da matarsa Hauwa'u ke da tsohon ciki, shakazoba ɗin baya, ƙarafan nan biyu masu sifirin da ke shanye gargada, suka mutu. In ya faɗa rami sai taya ta daki ƙarfen da ke rufe ta. Ungozoma kuwa ta riga ta ce wannan haihuwa ba ta gida ba ce, sai asibitin Safana. Mai kayan babur a Batsari ya ce ba ya da irin na asali, sai dai a zo masa da awo ya nemo wanda ya dace.

Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, na shiga ɗakin Hauwa'u da ƙwaryar fura. Tana barci. A gefenta, a kan tabarma, ga kara an yanke shi tsaf, bai kai kamu guda ba. Tsawon ɗan tayi.

Ban san lokacin da ƙwaryar ta faɗi ba. Na fizge shi, na cusa a murhu, na tsaya har ya zama toka.

Salisu ya shigo da gudu. "Inna! Awon babur ne fa!"

"Babur ɗin ne ya ce a kwantar da shi gefen mai ciki?"

"Don kar yara su ɗauka na ajiye."

Ya fita yana ƙunƙuni zai yanko wani, na bi shi. Ga babur a jingine, buhun gero ɗaure a bayansa, ya durƙushe kamar jakin da ya gaji.

"A haka ka auna shi? A naɗe?"

Ya sosa ƙeya. Ashe mai kayan ya faɗa masa a ɗaga tayar baya ta bar ƙasa, shi ya ga ɓata lokaci ne. Muka sauke buhun, muka ɗora cikin babur a kan turmi, ƙarafan suka miƙe. Ya auna daga tsakiyar idon sama zuwa tsakiyar idon ƙasa, inda kusoshi ke shiga. Da ya dubi sabon karan, ya ce ya ɗara wancan da yatsa biyu. Da gajeren ya sayo, taya za ta ci gaba da duka.

Na ce, "Wannan ba zai kwana a gidana ba. Kuma kada ka dawo da shi. Ka ɗaure shi da matattun ƙarafan ka bar su can tare."

Da safe ya kwance su, ya bi motar kasuwa. Yinin nan ban ci komai ba, kunnena na hanya. Da yamma ya dawo da sababbi biyu iri ɗaya, masu taurin sifirin, don ya gaya wa mai kayan mutum uku za su ɗauka.

Mako bai cika ba naƙuda ta tashi da hantsi. Salisu a gaba, Hauwa'u a tsakiya, ni a baya na rungume ta. Ruwa ya cinye hanya, ga duhuwar dawa hagu da dama, ba ka san wa ke ciki ba. Duk ramin da muka faɗa sai in riƙe numfashi ina jiran dukan nan, ƙwas. Babur ya nutsa, ya taso, shiru. Haka har Safana. Namiji ta haifa, da kuka kamar na ɗan akuya.

Da ina yarinya na ɗauka Kaka tsoro kawai take ba mu don mu yi barci. Yanzu ina ganin gaggawa take yi wa faɗa, da masu yanke wa abu hukunci tun yana naɗe. Salisu har yau yana tsokanata, wai tatsuniya ce ta gyara masa babur. Yaron a ɗakina yake kwana, kuma kafin in kashe fitila sai na ɗaga tabarma na duba.